Rasuwar 'Yar Kwatano, Kwamfutar Nuraddeen Aliero

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, Malam Nuraddeen Shehu Aliero, mai kamfanin AlbasaTek, shugabansa, kuma ma'aikacinsa ɗaya tilo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman Dandalin Matasan Fasaha na Jega, Aliero da Maiyama, rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da 'Yar Kwatano. Ta cika ne da hantsi, a ɗaure cikin kara da tsumma, tana ƙamshin man shanu.

Marigayiyar ta zo garin nan da shekarunta, don sai da ta gama yi wa wani Bature bauta kafin Alhaji Ɗantani, babban dillalin albasa na Jega, ya saya wa Nuraddeen ita. Ya haɗa masa da shago da janareta, a kan alkawari guda: ya rubuta manhajar da za ta riƙa tura wa manoman Liba da Maiyama farashin albasa ta saƙon tes, kafin 'yan tsakiya su cuce su a bakin gona. An yi girbi, an sake yi. Bana Alhaji ya rantse ko ya ga manhaja tana aiki, ko a miƙo masa makullin shagonsa.

Mai haƙuri ce, wannan kowa ya shaida. Duk taron da Dandali ya yi, ita ake ɗorawa a kan tebur a ɗauki hoto da ita, shugabannin kamfanoni suna turereniya kowa ya dafa ta, alhali yawancinsu ba su da komai sai katin suna da tabarau. A cikinta aka buga takardun gayyatar taron ƙaddamarwa, da na ɗage taron, da na ba da haƙuri kan ɗagewar. A cikinta aka kalli ƙwallo. Ba ta taɓa gori ba. In an kunna ta sai ta ce "ƙyarrr", fankarta ta kama "fuuu" kamar tsohuwa mai hura wuta, ta yi zafin da har Nuraddeen yakan ajiye kofin shayinsa a gefenta.

Babban kyawun halinta shi ne riƙon sirri. Shekara da shekaru Nuraddeen yana cewa manhaja ta kammala saura ɗan gyara, amma babu mahaluƙin da ya taɓa ganin abin da ya wuce shafin farko, inda wata albasa ja take juyawa a hankali. Mai son ganin gaba, sai marigayiyar ta daskare. Da ita da mai ita sun fahimci juna ƙwarai.

Ciwon ajali ya same ta ne ran kasuwar Jega, a hanyar kai ta gaban Alhaji. Nuraddeen, wanda ya sha ratsa kwalbati da ramuka da ita a rungume ba ta ko karce ba, ranar sai ta suɓuce masa daga kan babur a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Ƙugunta ya karye, murfi ya rabu da jiki, amma tana numfashi. Shafa'atu Khalil, 'yar Dandali ɗaya da ta san cikin kwamfuta, ta duba ta ce:

"Shugaba, wagga ai ba ta mutu ba. Kawo in jona ta da wani allo, yanzu Alhaji shi ga aikinai."

Nuraddeen ya yi wuf ya rungume ta. Ya ce shi ɗan Aliero ne gaba da baya, kuma a Aliero ba a kai karaya ko'ina sai gidan ɗori. Kafin Shafa'atu ta ɗauko sukundireba, har ya isa ƙofar Baba Muntari mai ɗori.

Tsohon ya jujjuya mara lafiya, ya ce, "Ɗana, na ɗora mutum, na ɗora jaki, amma ban taɓa ɗora irin wagga ba. Ina ƙashin yake?" Nuraddeen ya nuna masa da hawaye. Baba Muntari ya ja, ya daidaita, ya jera kara, ya naɗe da tsumma tamau har kan ƙofar iska. Da aka zo shafa man shanu, Nuraddeen da kansa ya roƙi a ƙara, a kuma tura shi sosai tsakanin haruffa don ya ratsa. Sannan ya kunna ta a ɗaure wai don jini ya zaga. Ta ce "ƙyarrr", ta ce "fuuu", ta ce "tas". Daga nan ba ta sake cewa komai ba.

Ta rasu ta bar caja mai naɗin salatif, da linzami gurgu, da jaka, da manoman Liba waɗanda har gobe ɗan tsakiya ne ke yanka musu farashi. Ta kuma bar Nuraddeen, wanda ya yi kukan da ya tara jama'a, ko da yake an lura ya ci tuwonsa tas.

Shafa'atu ta sake tayin buɗe cikinta ta ciro ma'ajiyar bayanai, ta ce aikin yana nan lafiya lau. Iyalan mamaciya sun ƙi, sun ce ba za a tozarta gawa ba.

Za a rufe ta gobe bayan la'asar a bayan rumbun albasar gidan su Nuraddeen, kuma za a zuba siminti. Duk mai sukundireba ya ajiye a ƙofar gida. Zaman makoki a shago ne, in har makullin ya kai lokacin, don Alhaji Ɗantani ya aiko cewa yana tafe gaisuwa, ya ƙara da cewa:

"Ku ce mai shi yi haƙuri. Ai ba ita tar rubuta ba, shi yar rubuta, abin na nan ga kainai. Na sawo mai sabuwa dal, ina zuwa da ita in zauna kusa da shi hal shi gama."

Ana roƙon jama'a su zo da wuri su riƙe Nuraddeen, don tun da saƙon nan ya iso kukansa ya koma na gaske.