Gemun Kawu Ya Tsiro

Lokacin ina ji da kaina a Kura, gani nake fenti na 'yan koyo ne. Sai na zana Kawu Sale da lakar bakin kanal ɗin ban-ruwa, na jera masa gemu da shinkafa shanshera mai ɓawonta, kyautar dawowarsa daga Hajji.

Matata ta ce, "Malam, irin shuka ne fa."

Na ce ta bar wa masana aikinsu. Don kada lakar ta tsage, na rufe zanen da buhu, kullum ina yayyafa ruwa.

Ranar walima na yaye buhun gaban jama'a. Gemu ya tsiro, har ya fara kore. Kawu ya daɗe yana kallo, ya shafa nasa.

Har yau in na ratsa gonaki, sai wani ya ɗago: "Mai zane, gemun Kawu ya isa dashe?"