Masarar Tallafi da Huhun Ndagi

Jiya na wuni a layin mai, na dawo gida ina tura babur, sai na tarar an sake kwasar maƙwabcina Ndagi zuwa asibiti. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ndagi tela ne a Kasuwar Kure. Shekara biyu ke nan da aka yi masa dashen ƙoda, ƙanwarsa Safiyatu ce ta ba shi tata guda. Tun daga nan kullum yana shan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, don kada jikin ya yi wa baƙuwar ƙodar korar kare.

To, kun tuna masarar tallafin nan, wadda ta yi damina biyu a sito mai yoyo tana jiran Ranka-ya-daɗe ya sami sukunin zuwa a ɗauke shi hoto? Allah ya ja zamaninsa, ya samu. Ndagi ya bi layi, ya kinkimo buhu ɗaya yana washe baki. Da ya kwance bakin buhun, wata koriyar ƙura ta turnuƙe shi.

Na ce, "Ndagi, masarar nan ta yi funfuna."

Ya ce, "Malam, da babu gara ba daɗi. A shanya, a sheƙe."

Shi ya shanya, shi ya sheƙe. Ni da na tsaya kusa atishawa biyu na yi, ta wuce. Shi kuwa tari ya kama shi da zazzaɓi, har da jini. Wata guda ana ɗirka masa maganin tarin fuka kafin likita ta gano funfunar ce ta yi gida a huhunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu in an rage maganin garkuwa ƙodar Safiyatu na iya tafiya, in an ci gaba da shi funfuna ta cinye huhu. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Amma kada a ce manyanmu ba su da tausayi. Yau ina zaune bakin gadonsa sai ga wakilin Ranka-ya-daɗe ya zo dubiya, mai hoto a gaba, wani buhun masarar nan a baya.

Ndagi ya janye robar iska daga hancinsa ya ce, "Malam, ce musu su mayar. Ni na riga na shaƙi rabona."

Ba su mayar ba. Sun miƙa wa Safiyatu, wai ladan ƙodarta.