Lallen da Na Sa wa Dada

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun kwanta mini a rai, amma ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na sa wa surukata lalle a gaban matan unguwar Turaki. Har yau in labarin ya faɗo mini sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Taraba ba, Jalingo ta cika da baƙin ma'aikata, ni kuma ina amarya, ko shekara ban rufa a gidan miji ba. Ni Bahaushiya ce 'yar unguwar Barade. Gidanmu gidan kwakwazo ne, in ƙaya ta soki ɗayanmu sai maƙwabta sun shigo jaje. Sai Allah ya kai ni gidan Fulani, inda mutum zai kwana da zazzaɓi, ka gaishe shi da safe ya ce maka lafiya lau. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Dada, ita ce gaba a wannan hali. Doguwar tsohuwa ce mai ƙarancin magana. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma taɓa yaba mini ba, ni kuwa yabon nan nake nema ruwa a jallo.

A gidan akwai labaran dauriyar Dada da ake bayarwa da alfahari. An ce ta taɓa taka garwashi a madafa ta wuce abinta ko waiwaye babu. Ni da idona na ga an zare ƙusa daga silifas ɗinta, ta huda robar har ta taɓa nama, kuma da ita ta yini tana kai da kawowa. Maigidana ya ce ai wannan shi ne fulako, wato kunyar da Bafulatani ke ji ya nuna abu ya dame shi. Wani lokacin takalmi zai zame mata ta ci gaba da tafiya da wari ɗaya, mu ce tsufa ne. Ta yi ta shan ruwa ba ta ƙoshi, mu ce zafin Jalingo ne. Shayinta kuwa sai ya ji suga sosai (ni ke haɗa mata, nakan ma ƙara cokali ɗaya don neman fada).

Ana nan sai bikin ƙanwar maigidana ya taso, cikin damina. Ranar sa lalle aka wayi gari da ruwa, garin ya yi sanyi. Ni kuwa in akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, to lalle ne. Na kwaɓa shi da lemon tsami, na bi amarya da ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, sannan na juya kan Dada. Ta ce ita ta tsufa da wannan. Na nace, mata suka taya ni roƙo, daga ƙarshe ta zauna a kujera 'yar tsugunno a ƙarƙashin rumfa ta miƙo ƙafafu. Na shafa mata a tafin ƙafa da yatsu da dunduniya, na naɗe da leda, na ɗaure da tsumma.

Lalle ba ya son sanyi. A gidanmu in gari ya yi haka, kaskon garwashi ake kawowa a kanga ƙafa don ya kama da kyau, sai ni ma na kawo. 'Yan matan da ɗumi ya ratsa su sai su janye suna raki. Dada kuwa ko gezau.

Na ce, "Dada, da zafi?"

Ta ce, "Babu, ɓingel am. Matso da shi."

Ɓingel am, wato 'yata. Ranar ta fara kirana da haka, kuma a gaban jama'a. Daɗi ya rufe ni. Na ɗora ƙafarta ta dama a kan wani dutse, na tura kaskon ƙarƙashinta, na lulluɓe da zani don kada ɗumin ya tsere. Daga nan na miƙe na buɗe wa 'yan matan wa'azi. Na ce su dubi tsohuwa su ji kunya, su ɗan ɗumi kaɗan sun cika gida da ihu. Na ce matan zamanin da su ne mata, mu na yanzu hoto ne kawai. Na yi ta zuba, mata suna gyaɗa kai, ni kuma ina satar kallon Dada in ga ko maganar ta yi mata.

Can sai na ji ƙauri. Na san an yanka saniyar biki, ana aikin kai da ƙafa a bayan gida, saboda haka na ɗaga murya irin ta matar gida mai kula da komai na ce, "Masu babbaka, ku juya ƙafar nan mana, ta fara ƙonewa!"

Aka amsa daga can cewa ai tun safe aka gama babbaka.

Maman Talatu, wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Mumuye da ta zo taya girki, ita ta ajiye ludayi ta zo ta ɗage zanin. Ta dube ni ta ce, a hankali, "Amarya, ba ƙafan shanu ba ne. Na Dada ne yana cin wuta."

Ledar ta narke ta manne da fata, tsumman yana hayaƙi. Yatsun gefe da gefen tafin ƙafar sun yi abin da ba zan iya kwatantawa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskar Dada. Ta sunkuya tana kallon ƙafar kamar ta wani ce aka ajiye mata, sannan ta ce, "Ashe." Ni kuwa (Allah ya yafe mini wauta) durƙusawa na yi ina hura mata da baki, kamar mai fifita kunu. Maman Talatu ta ture ni ta kwarara ruwan sanyi, aka nemo mota.

Likitan da ya karɓe mu ɗan Wukari ne, mutum mai sanyin magana. Bayan an wanke ciwon an auna jini, ya tambaya yadda aka yi mutum ya ƙone haka yana zaune idonsa biyu. Maigidana ya fara yi masa bayanin fulako. Likita ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Fulako yana iya riƙe baki, malam. Ba ya iya riƙe ƙafa."

Ya ce jijiyar jini daban, jijiyar da ke ɗaukar saƙo daban. Ita ta biyun ta bazu ko'ina a jiki kamar saiwar bishiya, tana kwasar labarin zafi da sanyi da taɓi tana kai wa laka, wadda ke cikin ƙashin baya, laka kuma ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. In wuta ta taɓa lafiyayyar ƙafa, laka ba ta jiran shawarar ƙwaƙwalwa, nan take take ba da umarni a fizge. Kafin mutum ya tuna shi ɗan gidan wane ne, ƙafar ta riga ta gudu. Wanda duk aka ga bai fizge ba, to saƙon ne bai isa ba.

Ya rufe wa Dada ido da mayafinta, ya ɗauki allura ya fara tsikarar ɗaya ƙafar daga yatsu yana hawa. Shiru. Tafin ƙafa, shiru. Sai da ya wuce idon sawu ta zabura ta ce wash. Maigidana ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Likita ya ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinta ba a sani ba, yana cinye jijiyoyin a hankali, daga can nesa yake farawa. Abin da ya mutu da wuya ya dawo, sai dai a hana shi hawa sama. Ya kuma gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa mai irin wannan ciwo gyambonsa ba ya saurin warkewa, in ƙunar ta ruɓe sai an yanke ƙafar.

Aka ɗaura aure ba armashi, ni ina asibiti, don na ce ba mai jinyar nan sai ni. Ba wanda ya ɗora mini laifi a dangin. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi, amma sai suka yi mini fulakon ni ma, kowa ya zo ya ce sannu da ɗawainiya. Kullum in nas ta zo kwance bandeji sai in tsura ido, ina duban ko baƙin da ciwon ya yi ya ƙaru. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma tsani bakina.

Wata rana da hantsi ina ba Dada fate sai kuka ya ƙwace mini, na ce ta yafe mini. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce ta daɗe da sanin ƙafafun sun bar ta. Da farko kamar minjirya take ji, daga baya kamar tana taka auduga, daga nan sai babu komai.

Na ce, "To, Dada, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Na so in faɗa. Sai na ji kuna yabona, ɓingel am. Yaya zan ce muku ba dauriya ba ce?"

Allah ya taimaka, jan nama ya fara tasowa a tafin ƙafar. Yatsu biyu na gefe ne suka ƙi, aka cire su, sauran ƙafar ta tsira. Dada ta koma gida da ƙafarta tana dogara sanda.

Daga nan aikina ya zama zame mata jijiyar da ta rasa. Kowace safiya in duba tsakanin yatsunta da dunduniya, in zazzage takalminta kafin ta sa, in taɓa ruwan alwalarta da gwiwar hannuna. Na hana ta yawo ba takalmi, na tsare ta da magani, shayi kuma ya koma lami (wannan ne kaɗai ta riƙe ni da shi har ta koma ga Allah). In baƙi suka tambayi abin da ya sami yatsun, sai ta ce, ba ko murmushi, amaryarsu ce ta sa mata lalle, ya kama sosai.

Na ci gaba da sa lalle, amma kasko ni da shi har abada. 'Ya'yana sun gado rakin gidanmu, ɗan tuntuɓe sai unguwa ta ji, kuma ban taɓa ce wa ɗayansu ya yi shiru ya daure ba. Yanzu in mutum ya ce mini ba ya jin zafi, ba na yaba masa. Durƙusawa nake yi in duba.