Kwamfutar da Ta Sha Turare

"Lafiya lau, ya hanya? Au, maigidan nawa ne ya shigo hannu rabbana, sai 'yar sukundireba kamar mai gyaran rediyo?"

Salahuddeen ya durƙusa ya ƙarasa gaida kakarsa, sannan ya ce ai matar da haƙoranta suka yi ƙaura ba a kawo mata tsire. Kakar tasa, Falmata, ta yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba.

Tun rasuwar kakansa Malam Umara, ranar ce ta fara tsokanarsa. Ta fita takaba, amma ɗakinta a Toranke ta ƙasar Ajingi bai daina shiru ba. Abin da ya sa ta kira shi daga Gaya, inda yake aiki a shagon buga takardu, wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da marigayin ya saya a hannu, ya mai da ita ta sauraron karatu. Malam bai kasance mai son a ɗauke shi hoto ba. Bidiyo guda ne aka taɓa yi masa, yana addu'a a walimar saukar wata jikarsa, kuma a cikin kwamfutar nan kaɗai ya rage. Falmata ta faɗa wa mahaifiyar Salahuddeen cewa fuskar Malam ta fara dushewa a zuciyarta.

Ya jona kwamfutar da batirin sola, ya danna. Ta yi ƙara, hoto ya tsattsage, allon ya koma shuɗi da fararen rubutu, ta mutu, ta sake tashi, ta maimaita.

"Ta gane ka," in ji Falmata. "Malam bai taɓa barin rago ya taɓa ta ba."

"Ke ta hango ta suma, Kaka. Ko ni daurewa nake yi."

"Daure dai. Kaf Ajingi wa zai ba ka 'ya ban da ni?"

Da ya kwance murfin, ƙamshin turaren wuta ya bugi hancinsa. Wani danƙo mai duhu ya liƙe fankar da ke sanyaya katin da ke fitar da hoto a allo, ba ta ko motsi. Ya tambayi kakar yadda aka yi. Ta amsa ba tare da jin ta yi laifi ba, cewa kowace Juma'a takan turara rigunan Malam da hulunansa kamar yadda mahaifiyarta ta taho da al'adar daga Barno, kuma bayan rasuwarsa ba ta fasa ba. Kwamfutar ma kayansa ce. Takan kunna ta, ta ajiye kasko a gefenta, ta lulluɓe su da zane.

"Na ga tana zuƙar hayaƙin, na ce so take yi."

"Mata na turara miji, ke kin turara inji. Ni da nake raye ko hular kaina ba ki taɓa turarawa ba."

"Kai wanka ya kamace ka tukuna."

Ta faɗi haka, sai idonta ya sauka kan danƙon da ke yatsunsa. Da ta sake magana, murya ƙasa-ƙasa ta yi.

"Salahu, gaya min gaskiya. Na ƙone shi?"

Bai sani ba, don haka bai yi mata alkawari ba. Ya zare katin da zafi ya lalata, ya mai da wayar allon ramin da ke jikin kwamfutar tun asali. Ya tashe ta ta hanyar da masu gyara ke bi idan na'ura ta ƙi tashi, ya goge manhajar da ke tafiyar da tsohon katin, wadda ake kira direba, ya sake kunnawa. Falmata na jan carbi, ba ta ƙara ce masa rago ba, shi kuwa ya fi son a ce ta faɗa.

Allon ya yi baƙi, ya jima, sannan ya waye. Sai dai komai ya baje ta gefe. Da ya buɗe bidiyon, ga Malam Umara, mutumin da ya rayu siriri kamar karan dawa, ya cika allon da kumatu da faffaɗar kafaɗa. Muryar kuwa tasa ce, ba ta sauya ba.

Falmata ta ɗaga hannu tana amsa amin har ya shafa. Salahuddeen ya kwafe bidiyon a filashi, ya ce hoton ya baje ne don babu direban da ya dace, zai samo a Gaya ya daidaita.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Tun ina yarinya nake tuƙa wa bawan Allahn nan tuwo bai yi ƙiba ba. Kai da sukundireba ka ƙosar da shi."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta. Ta jawo akwati, ta ɗauko hular Malam wadda ƙamshi ya kama, ta ɗora masa a ka. Ta zurma har kunnuwa.

"Na sallama, ka ci gida. Amma kai ba zan turara ka ba. Na ga abin da turarena ke yi."