Rumbun Injiniyan Taurari

Daga Sabon Birni har Isa babu wanda ya san gini kamar Injiniya Dalhatu. Shi ya faɗa da bakinsa, mu kuwa wa ya aike mu musu? Gaskiya ne bai taɓa kwaɓa ƙasa ba, amma mutumin da ya ƙera jirage a sararin samaniya ai ya wuce a tambaye shi kwaɓi.

Asalin karatun nasa, shekara goma sha biyar da suka wuce ya yi wata uku a Sakkwato jinyar kawunsa. Kusa da asibitin akwai shagon gem, inda ake wasa a talabijin da abin latsawa a hannu. Can ya haɗu da wani wasa na 'yan mutane da aka yi da tubalan roba masu ƙululu a ka, suna yaƙi tsakanin taurari. In jirgi ya tarwatse sai ka danne maɓalli ɗaya, tubalan su yi ta tsalle suna hawa juna har ya koma sabo fil. Kawu ya warke da ikon Allah, ba da taimakon Dalhatu ba, shi kuma ya dawo gida injiniya.

Tun daga nan teburin mai shayi bai huta ba. Kullum sai ya ba mu labarin yadda ya cinye wasan sau biyu, ya yi tsaki ya ce wasannin wayar yanzu duk shirme ne. Muka laƙaba masa Injiniyan Taurari don tsiya. Bawan Allah ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta a bayan babur ɗinsa.

To, da daminar bana rumbun ƙanwarsa Sa'adiyya ya zube. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, kuma geron da ta noma a Unguwar Lalle shi ne abincinsu har wata kakar. Ta kira Usmanu magini, ya ce aikin kwana ashirin ne: a kwaɓa ƙasa da ciyawa ta ruɓa, a ɗora zubi ɗaya, a bari ya bushe kafin a ƙara. Injiniya ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ya ce, "Wanga aikin mutanen da na. Ni da nig gina tashar jirage bisa wata, rumbu za ya gagare ni? Kwana ukku za ni tashe shi, ba laka ko ƙyas."

Sa'adiyya ba ta so ba, amma yayanta ne, kuma ya riga ya sallami Usmanu a gaban mutane. Ya sa kafinta ya yi masa akwatin buga tubali mai ƙululu sama, rami ƙasa. Aka buga tubalan, aka jera su haka nan gayansu ba laka, Injiniya na tsaye a inuwa yana nuni da sanda. Rumbu ya tashi mai kusurwa huɗu, aka loda gero, ya tara mu ya yi jawabi kan makomar gini a ƙasar Gobir.

Rumbun ya yi kwana huɗu cif. Rana ta biyar da hantsi, Sa'adiyya ta tafi kasuwa, sai jakin maƙwabta ya ji ƙaiƙayi a gadon baya ya zo ya goga. Rugum! Awaki da kajin unguwa suka amsa gayyata ba a kira su ba. Kafin ta dawo sun ci na ci, sun tattake sauran cikin rairayi.

Wallahi ta ba ni tausayi. Ta durƙusa tana kuka tana tsince zangarniya, Injiniya kuwa na tsaye kanta yana bayani cewa ginin ba shi da laifi, ƙasar nan ce ta cika jan abu, a sama babu nauyi kuma babu jakuna.

Sa'adiyya ta ci gaba da tsintarta. Dammunan da suka tsira ta kai wa Usmanu ajiya. Tsabar da aka tattake kuwa ta share ta tas, har yashin da tsakuwar, ta cika buhu biyu. Da ma tun da matar Injiniya ta yi yaji, Sa'adiyya ke aika masa tuwo, sai ta ce daga yau a waɗannan buhunan za a riƙa ɗebo nasa, 'ya'yanta su ci mai kyau.

Jiya ya zo teburin shayi dafe da kunci, bai yi maganar taurari ba. Haƙori na biyu ke nan da tsakuwar tuwo ta karya masa, kuma ko rabin buhun farko bai kai ba.