Yadda Za Ka Ceci Iyakwandishan Ɗinka Daga Kwamitin Tsimin Wuta

A gida matata ce ke bi na ɗaki-ɗaki tana kashe fitilun da na bari a kunne. Shi ya sa da gwamnatin jiha ta fito da dokar tsimin wutar lantarki a ma'aikatu, ni aka naɗa wakilin ofishinmu. Dokar ta ce a kwance duk tsohuwar na'ura mai zuƙar wuta a kai juji, kuma kada a ƙara sayen kaya sai mai tambarin taurari, shaidar ba ya cin wuta. Tsohon iyakwandishan ɗinka mai kukan injin niƙa shi ne a sahun gaba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba zai ga juji ba.

1. Riga kowa kishi

Kira taro. Kunna fitilun zauren duka da lasifika, don kowa ya gan ka ya ji ka, sannan ka ce, "Jama'a, wuta amana ce." Mai wa'azi ba a cika leƙa ɗakinsa ba.

2. Nemo abin sadaukarwa

Ƙwace butar lantarkin da akawu ke dafa shayi da ita. Zai ce, "Ranka ya daɗe, duk ginin nan butata ce ɓarauniyar?" Ka ce, "Malam, da yayyafi kogi kan cika." Kai ta ofishinka, inda za ta samu tsaro.

3. Samo taurari

Sabon firjin da aka sayo wa darakta yana sito, da tambarinsa a ƙirji. Turara tambarin da tururi har ya saki. Butar akawu za ta yi rana a nan. Liƙa shi a goshin iyakwandishan. In mai sito ya ce, "Yallaɓai, ai hoton firji ne a jiki," ka ce, "To, su biyun ba sanyi suke yi ba?"

4. Ranar zuwan kwamiti

Ɓoye rigar sanyin da ke rataye a bayan kujerarka, ita ce babbar mai tona asiri. Kashe na'urar, buɗe taga, ka zauna ka jiƙe sharkaf. Gumi shi ne takardar shaidar mai gaskiya.

5. Kame bakinka

Shugaban kwamiti zai shigo yana fifita da fayil, ya ɗaga kai ya ce, "Ikon Allah! Taurari har haka, a ofishin ƙaramin jami'i?" Sunkuyar da kai, ka ce ƙasa kake wa hidima.

Gargaɗi: in tambarin ya ɓare a gaban baƙi, ko akawu ya daina amsa gaisuwarka, babu ruwana, ban ma taɓa ganin ka ba. Nawa dai bai je juji ba. Kwamiti ya yaba da taurarinsa ƙwarai, yanzu iyakwandishan ɗin yana bangon ofishin shugaban kwamitin.