Ranar da Taɓaryata Ta Ƙi Saukowa

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar mai garinmu ba, can wajen Tudun Kaya, ko da ƙwaƙwalwa za ta zube yadda haƙora suka zube.

Lokacin nan daka ce sana'ata. Injin niƙa sai an je cikin Karaye, manya kuma ba sa son tuwon inji, wai warin mai yake. Saboda haka duk gidan da ake suna ko biki ni ake aika wa. Allah kuma Ya yi ni da son kiɗa. Ko hanya nake tafe na jiyo kalangu daga nesa, sai takun ƙafata ya canza. Shi ya sa ban taɓa daka shiru ba, lugude nake yi: in buga, in cilla taɓarya sama, in tafa, in cafe, kiɗan bai ɓaci ba. (Ku 'yan yanzu da ba ku san nauyin taɓarya ba, kada wadda ta ce mini abu ne mai sauƙi.)

Dakan gidan mai gari shi ke riƙe da ni da 'ya'yana shekara ta kewayo. Sai ga wata Tabawa an auro ta garinmu daga Jajaye ta Rogo, doguwa, hannu kamar na maƙeri, ita ma wai gwanar lugude. Hajiya, uwargidan mai gari, ita ma 'yar Jajaye ce. Ranar bikin ta tara mu ta ce, "To, ga turmi ga gero. Wadda ta fi, ita ce da dakan gidan nan bana."

Na ce, "Hajiya, Allah Ya ja da ranki, ai da kin bar baƙuwa ta huta."

Tabawa ta ce, "Yaya, ke dai ki huta. Na ga kin fara dafa gwiwa."

Ni! Dafa gwiwa!

Hajiya ta sa aka fito da rakodar da ta sayo a Makka, aka zuba mata sabon batir, aka sa kaset ɗin kalangu. Wayyo daɗi! Muka kama. Ta buga, na buga, ta cilla, na cilla. Mata suka bar tukwane suka kewaye mu, ana guɗa, ana "Sai ke, ta Karaye!", 'yan Rogo na nasu ihun. Da rana ta take, sai aka mirgina turmin zuwa ƙarƙashin rumfar kara don mu sami inuwa. Ni da na saba daka a fili, kiɗa ya riga ya hau mini kai, ko ɗaga ido ban yi ba.

Sai mai kalangun cikin kaset ya sauya hannu, ya yi wani irin sauri. Na ce a raina yanzu zan rufe bakin Jajaye gaba ɗaya. Na tattara ƙarfina na cilla taɓarya, na tafa gaba, na tafa baya, na juya, na ware hannu ina murmushi.

Taɓarya ba ta dawo ba.

Ta huda rumfar ta maƙale. Ina nan tsaye hannu a buɗe kamar mai roƙon ruwa, sai na ji abu yana zubo mini a fuska. Ashe barkonon gidan kaf a saman rumfar aka shanya shi, ya bushe ƙarau. Ya yi ta zubowa da ƙurarsa, a kaina, a cikin turmi, a kan gwaggon ango da ke zaune da sabon leshinta. Mai guɗa ta ɗauko guɗa, atishawa ta yanke ta a tsakiya. Gida ya rikice da tari da hawaye, rakoda kuwa ba ruwanta, kiɗa take ta yi. Har daga zaure mai gari ya aiko a ji ko gobara ce.

Tabawa ce, da yake doguwa ce, ta miƙa hannu ta zaro taɓaryar. Ta miƙo mini idonta jajur ta ce, "Yaya, ga ta. Ta ce a gaishe ki."

Da ƙasa ta tsage da na shige.

Washegari na je ban haƙuri. Hajiya ta daɗe tana dariya tana share hanci, sannan ta ce, "Dama na san garinki ya fi laushi, daka naki ne. Amma a fili za ki yi, kuma muddin kina riƙe da taɓarya ba a kunna rakoda a gidan nan." Na samu aikin, aka hana ni kiɗan. Shekarar nan haka na yi ta daka ina rera abina a maƙogwaro kamar mai ciwon haƙori.

Tun daga ranar, ko ludayi zan ɗaga sai na fara duba abin da aka shanya a sama. Amma a faɗi gaskiya: taɓaryar Tabawa ta yi ta dawowa hannunta, to, tawa ce ta fi nisa.